Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar NSITF: ƙurar silin da Baba ya shaƙa yana saurayi ita ta kashe shi bana

Zuwa ga Shugaban Hukumar NSITF, mai kula da asusun biyan diyyar ma'aikata, da ma'aikatansa, Abuja.

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Daga Gusau nike rubuto muku wagga takarda, kuma na sa ta a fili ne don na tabbata ba gidanmu kaɗai abin ya shafa ba. Satin da ya wuce Innarmu ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma kenan da munka kai Baba makwancinsa, Allah ya jiƙan shi da rahama. Ciwon da ya yi ajalinsa kansa ce ta tantanin nan da ke lulluɓe da huhu, sunanta mesoteliyoma, sunan da sai da na roƙi likita ya rubuta min a bayan katin asibiti kafin bakina ya iya faɗa. Likitan yace wagga cuta kusan ko yaushe abu ɗaya ke kawo ta, ƙurar asbesto, wani ma'adini da ake haɗawa da siminti a yi silin da kwanon rufi, kuma mafi yawan masu ita a wurin aiki sunka shaƙe ta.

Baba kafinta ne. A 1977 ya shiga aikin wani kamfanin gine-gine, lokacin da ake ta gina ajujuwan UPE, shirin nan na ilimin firamare kyauta, da kwatas na ma'aikata ko'ina, lokacin ma babu Zamfara duk muna cikin jihar Sakkwato. Aikinsa shi ne rufi da silin. Duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san silin ɗin da nike nufi, farin allon nan mai ƙafa huɗu-huɗu da in ya tsufa yake rabewa ya faɗo kan benci. Baba yace a cikin ɗaki suke yanka shi da zarto, in lokacin hunturu ne har tagogi suke toshewa saboda sanyi, ƙura ta tashi fari fat kamar ana tankaɗe a gidan biki, ta hau gemu ta hau gira ta cika hanci, in ka tofa yawu fari zaka gani. Da azahar su zauna bisa tarin allunan su ci abinci da hannuwan nan. Ba takunkumi, ba wanda ya taɓa ce musu ku jiƙa shi da ruwa kafin ku yanka, abin da kawai ake basu shi ne gwangwanin madara jefi-jefi wai tana wanke ƙura daga ƙirji, kuma wallahi har ya bar duniya Baba yana ambaton madarar nan a matsayin kirkin da kamfani ya yi musu. Da yamma ya dawo gida Inna ta karɓi kayan aikin ta kakkaɓe su a tsakar gida kafin ta wanke, yayata tana goye a bayanta.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a haka. Kamfanin ya durƙushe a 1988, lokacin SAP, shirin nan na tsuke bakin aljihu na gwamnati, masu shi sunka kwashe injinansu sunka tafi, anka sallami ma'aikata da albashin wata ɗaya. Baba ya buɗe ɗan shagonsa yana yin ƙofofi da gadaje, da shi ya rene mu mu takwas, lafiyarsa lau sama da shekara talatin, ko taba bai taɓa sha ba.

Abin da likita ya fahimtar da ni shi ne ƙurar nan ba irin ƙurar hanya ba ce da za ka yi tari ta fita. Wasu siraran zarurruka ne da ido ba ya gani, sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, in sunka shiga huhu ba su narkewa ba su ruɓewa, nan za su kafe suna cin wurin a hankali, shekara 20, 30, har 50 kafin ciwon ya bayyana. Wani ta taurara masa huhu ya riƙa haki, wani ta zama kansar huhu, wani irin ta Baba, kuma an tabbatar tana kawo kansar maƙogwaro da ta ƙwan mahaifa ga mata. Hukumar Lafiya ta Duniya tace kowane irin asbesto yana kawo kansa har da farin da ake haɗawa da siminti a yi kwano da silin da bututun ruwa, kuma a ƙiyasinta sama da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara a duniya saboda shaƙar shi a wurin aiki. Mai shan taba kuwa hatsarin kansar huhu ninkuwa yake yi a kansa.

Shi Baba da haki abin ya fara. Masallacin unguwarmu bai fi taku ɗari ba amma sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Sai ciwo a haƙarƙarin dama wanda ke hana shi kwanciya, sai rama, hular da ya saba sawa ta koma tana faɗo masa har gira. Asibitin farko anka ce tibi ne, wato tarin fuka, ya sha magani wata shida cur bai tsallake ko kwana ɗaya ba, ni ke karɓo masa, amma kullum jiya ta fi yau. Sannan anka ga ruwa ya taru a ƙirji anka sa roba ta tsakanin haƙarƙari, ina riƙe da hannunsa ina kallon ruwan yana gangarowa cikin kwalba, ja-ja kamar ruwan da anka wanke nama, kwalba ta cika a canza wata, shi kuma yana ta salati a hankali don kar in ga yana jin zafi. Bayan sati uku ruwan ya dawo. Daga nan anka tura mu asibitin koyarwa a wata jiha, muna bin hanyar Tsafe da rai a hannu saboda halin da kunka sani, an sai da gonar Baba ta gado an sai da tumakin Inna, anka yi sikanin anka yanki tsoka anka kai gwaji. Can ne wani matashin likita, Allah ya yi masa albarka, ya jawo kujera ya zauna yace Baba wane aiki ka yi da ƙuruciya? Wata goma sha huɗu muna yawon asibiti shi ne mutum na farko da ya yi wagga tambaya. Baba ya fara bashi labarin zarto da silin yana murmushi don shi abin alfahari ne gare shi, ni kuma ina kallon fuskar likitan na ga ta canza.

Wata biyar ya ƙara bayan nan.

To ranku ya daɗe, ga abin da ya kawo ni gare ku. Bayan sadakar arba'in wani abokina lauya da munka yi sakandare tare ya zo gaisuwa, da ya ji labarin sai ya buɗe waya ya nuna min Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye tsohuwar dokar 1987, kuma ku dokar ta damƙa wa amanar aiwatar da ita. Na zauna na karanta ta da ƙamus a gefe, kuma gaskiya doka ce mai kyau, ban zo in kushe ta ba. Ta ce duk mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusunku, don ranar da ma'aikaci ya ji rauni ko ya kamu da cutar da aiki ya jawo ko ya mutu, a biya shi ko iyalinsa ba sai an je kotu ana jayayya kan laifin wa ne ba. Ta ce ma'aikaci ba sai mai takardar ɗauka ba, ko da baki anka yi yarjejeniya, ko lebura ne na wucin gadi ko ɗan koyo, yana ciki. A jerin cututtukan aiki da ke ƙarshenta akwai asbesto. Ta ce matar mamaci mai 'ya'ya biyu ko fiye da ke ƙarƙashinta za a riƙa biyanta kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda bai gamsu da hukuncinku ba kuma yana iya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Da na karanta wa Inna wurin nan na fassara mata, shiru ta yi sannan tace to ashe an san da mu.

Amma da munka zo kan yadda za a nema sai na ga kowace ƙofa an yi ta ne don wanda katako ya faɗo wa jiya. Dokar ta ce a sanar da mai kamfani cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da ku cikin kwana 7. Wa za mu sanar? Na je har inda yadin kamfanin yake a da, shaguna ne a jere yanzu da wurin wankin mota, yaran da ke wurin ko sunan ba su taɓa ji ba. Kamfanin da ya mutu shekara 22 kafin a yi dokar ta yaya zai zuba kashi ɗaya a asusunku? Lauyan yace ina shaidar aiki, munka zazzage akwatin ƙarfen Baba kaf, abin da munka samu hoto ɗaya ne baƙi da fari, su bakwai a gaban wani gini da ba a gama ba kowa da zarto ko guduma, sai wani kati da gara ta cinye rabinsa, lambar ma'aikaci ta rage amma sunan kamfanin saura haruffa uku. A kan tebur ake biyansu a hannu ranar Juma'a su dangwala yatsa a littafin foman, littafin nan Allah kaɗai ya san inda ya ƙare.

Sai maganar lokaci wadda ita ta fi hana ni barci. An ce a shigar da nema cikin shekara ɗaya daga mutuwa ko kamuwa, in da uzuri na musamman kuna iya karɓa har zuwa shekara uku. Shekara ɗaya a takarda tana da yawa, amma a gidan Bahaushe mace tana takaba wata huɗu da kwana goma ba ta fita, ana zaman makoki, ana biyan bashin asibiti, ana maganar rabon gado, kafin hankali ya dawo jiki rabin wa'adin ya tafi, wannan ma ga wanda ya san da dokar kenan. Mu da ba don Allah ya kawo abokin nan nawa ba da har abada ba mu ji ba. Na tambayi tsofaffin kafintoci da magina da masu aikin famfo a unguwarmu, wallahi ko mutum ɗaya ban samu wanda ya san ana biyan diyyar cutar da aiki ya jawo ba.

Ba mu ne farkon waɗanda sunka ci karo da wagga matsala ba, kuma wasu sun samo mata hanya. A Afirka ta Kudu, inda tun 1960 wani likita mai suna Wagner ya nuna alaƙar mesoteliyoma da ma'adinan asbesto, mutum wajen 7,500 sunka bi kamfanin da ya yi haƙar har kotun Ingila, a 2000 babbar kotun can ta yarda a saurari ƙararsu a Landan, a 2003 anka sasanta anka biya, kuma a shekarar ce anka kafa asusun amana na musamman don masu ciwon a ƙasar tasu, a 2008 sunka haramta asbesto kwata-kwata. Faransa ta kafa asusun diyyar asbesto a 2000. Ingila da ta haramta shi tun 1999, da ta ga mutane da yawa kamfanoninsu sun mutu ba a san inda inshorarsu take ba, sai ta yi doka a 2014 don irin su Baba sak, wanda ya kamu da mesoteliyoma kuma ya rasa wanda zai kama, a biya shi daga kuɗin da kamfanonin inshora ke tarawa. Tarayyar Turai ta hana shi a 2005, Amurka ma ta hana farin a 2024. Mu kuma nan an yi masana'antun kwano da silin na asbesto a Legas da Inugu da Sapele da Kano da Bauchi, shekara da shekaru ana lodin shi zuwa kowane lungu, waɗanda sunka ɗauka sunka yanka sunka kafa shi yanzu ne suke cikin shekarun da ciwon ke fitowa.

Don haka roƙona na farko, dan Allah ku fito ku faɗa da bakinku, a rubuce, mene ne matsayin ma'aikacin da ya shaƙi ƙurar kafin 2010 ciwon ya bayyana bayan 2010 kuma kamfaninsa babu shi. In dokar ta ɗauke shi ku faɗi fom ɗin da za mu cike da inda za mu kai. In ba ta ɗauke shi ba, ku ne kunka fi kowa sanin inda ramin yake, ku da Ma'aikatar Ƙwadago ku kai wa Majalisar Tarayya a gyara, a ware wani kaso don waɗanda ba su da kamfanin da za su kama. Kuma ku karɓi shaidar mutane. A ƙasar da ake biyan lebura a hannu ba za a ce sai takardar albashi ba, in abokan aiki biyu sunka rantse a gaban kotu, mai unguwa ya tabbatar, ga rahoton likita mai gwajin tsoka, me ya rage? Ita wagga cuta ma kanta shaida ce tunda ba a samunta a banza.

Sannan ku yi mana magana da Hausa. Kowane tsoho a Zamfara yana da rediyo a gefen tabarma, minti biyar a sati ya isa a ce duk wanda ya yi aikin silin ko kwanon asbesto, ko yanka bututun ruwa na siminti, ko gyaran tukunyar tururi a masaƙa da sauran masana'antu, ko makanikin da ya shekara yana hure ƙurar birki da kuloci da bakinsa, in ya ji haki ko ciwon ƙirji da ya ƙi jin magani ya gaya wa likita aikin da ya yi. Ku zauna da likitocin asibitocinmu a sa tambayar nan a katin duk mai ciwon ƙirji, wane aiki ka yi, ba ta cin ko kwabo. Ba na cewa da an tambayi Baba da wuri zai warke, likita ya gaya min gaskiya ita wagga ba kasafai ake cin ƙarfinta ba, amma da bai sha maganin da ba nasa ba wata shida, da gonar ma watakila tana nan.

Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan ƙura mai kisa ba. A 2010, shekarar da anka yi dokar taku, gubar dalma daga niƙan duwatsun zinari ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da 'Yargalma, daga baya ga Bagega. Waccan da yake tana kwantar da yara cikin watanni duniya ta gani ta kawo ɗauki. Wagga kuwa ɗaya-ɗaya take ɗauka, tsofaffi, a cikin ɗaka, a ce tsufa ne ko tibi ko sammu, a yi jana'iza a watse.

Kuma ba ta tsaya kan tsofaffi ba, abin da ya fi tada min hankali kenan. Yanzu kowa cire tsohon silin yake yana sa na roba ko POP, makarantu ana gyara, tsofaffin kwatas ana rushewa. Kwana goma da sunka wuce na bi ta wani layi na ga yara uku, babbansu bai fi shekara ashirin ba, suna farfasa silin da guduma suna jefowa daga sama, wani yana sharewa da tsintsiya a bushe, ƙura ta turnuƙe har kan tiren mai awara da ke bakin ƙofa, ɓaraguzan kuma an tara a gefe wai za a cike rami da su. Na tsaya na ce su jiƙa shi da ruwa, su cire shi ɗungurungum kar su fasa, su nemi takunkumi na ƙwarai don ƙyalle ba ya tare ta, su tuɓe kayan kafin su shiga gida. Babban ya saurare ni da ladabi yace to Malam ai jinga ce, in ba mu gama yau ba ba a biyan mu. Ba wanda ya rubuta sunansu, ba wanda ya zuba musu kashi ɗaya. Ku ne ke da ikon bin 'yan kwangila ku ce su yi rajistar leburorinsu, musamman masu aikin gwamnati, kar a biya kowa kuɗin kwangilar gyaran makaranta sai ya nuna sunayen yaran da sunka hau rufin.

Wasu dangi sun ce min in bar maganar, kwana ne ya ƙare, neman kuɗi a kan mamaci ba girma ba ne. Na yarda kwana ne ya ƙare, ba mai ja da ƙaddara, amma addininmu da kansa ya san diyya ko a kisan kuskure, yana nan a Suratun Nisa'i aya ta 92, kuma mu da ke jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999 bai kamata mu ne masu jin kunyar kalmar ba. Ba sadaka nike roƙo ba. Inna tana da ƙannena biyu da ke makaranta, ga bashi, ga shi ita ma na sa a yi mata hoton ƙirji saboda kayan nan da ta shekara goma sha ɗaya tana kakkaɓewa, alhamdu lillahi ba a ga komai ba amma likita yace a riƙa dubawa.

Cikin mutum bakwai da ke hoton nan biyar sun rasu, biyu daga ciki 'ya'yansu sun ce min da ciwon ƙirji sunka tafi ba a taɓa yi musu gwaji ba. Saura biyu. Ɗaya yana Ƙauran Namoda idonsa ya tafi amma hankalinsa garau, ya lissafa min makarantun da sunka rufa ɗaya bayan ɗaya da sunan foman ɗinsu. Ɗayan yana nan Tudun Wada, shi ya yi wa Baba wanka, kuma ranar da na kai masa hoton sai da ya huta sau biyu kafin ya ƙarasa faɗa min sunayen mutanen, haki yake irin wanda na sani. Yace ɗana in za su zo su zo da wuri. Na haɗa fayil, rahoton likita da sakamakon gwajin tsoka da takardar mutuwa da hoton da rabin katin, zan kawo ofishinku da kaina kafin watan nan ya ƙare, kuma ina roƙon ku turo wanda zai ɗauki bayanin dattawan nan biyu tun suna iya magana.

Wassalam.

Naku,
ɗan marigayi kafinta, daga Tudun Wada, Gusau, jihar Zamfara.